Yaya ake sauya nau'in fayil na hoto a intanet ba tare da hoton ya lalace ba?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina da tambaya a kan sauya hoto daga wani nau'in fayil zuwa wani ta shafukan intanet da ke yin wannan aiki kyauta, kuma ina fata masana za su yi mini bayani dalla-dalla, domin idan na bincika tallan shafukan kawai nake gani, kowanne yana cewa shi ya fi sauri, babu mai faɗin abin da ke faruwa da hoton kansa.

Hotunan da wayata ke ɗauka suna fitowa da suna mai ƙarewa da HEIC, alhali fom ɗin da nake son cikewa ba ya karɓar komai sai JPG, kuma an ƙayyade cewa kada nauyin fayil ya wuce kilobait 200. Na sauya hoton a ɗaya daga cikin shafukan, ya zama JPG kamar yadda ake so, amma sai nauyinsa ya fi na asali, fom ɗin ya sake ƙin karɓa. Akwai kuma tambarin wata ƙungiya da aka ba ni a matsayin PNG marar bango, wato duk inda aka ɗora shi launin wurin ne yake bayyana a bayansa, amma da na mayar da shi JPG sai ya fito a cikin baƙin murabba'i. Wani abokin aikina ya ce kada in wahalar da kaina, in goge haruffan ƙarshen sunan kawai in rubuta waɗanda nake so. Shin hakan sauyawa ce ta gaske?

Abin da ya fi damuna shi ne, cikin abubuwan da fom ɗin yake nema akwai hoton takardar shaidar karatu da na katin shaida. Idan na ɗora su a shafin da ban san mai shi ba, ina suke zuwa, kuma wa yake iya ganinsu?

Maizane ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da shawarar abokin aikin naka, domin ita ce mafi saurin warwarewa: canza haruffan ƙarshen suna ba ya sauya komai a cikin fayil. Kamar ka rubuta wani suna ne a bayan ambulan, wasiƙar da ke ciki kuwa tana nan yadda take. Kowane nau'in fayil yana da alamarsa a farkon bayanan da ke cikinsa, na PNG ma har haruffan P da N da G ake rubutawa a can, kuma manhajoji da yawa wannan alamar suke dubawa, ba sunan ba. Shi ya sa wani lokaci dabarar take kamar ta yi aiki, saboda burauza ta gane hoton ta buɗe shi duk da sunan ƙaryar, amma ranar da ka haɗu da fom mai duba cikin fayil, nan take zai dawo maka da shi. Wuri ɗaya da canza suna ba shi da illa shi ne tsakanin JPG da JPEG, domin abu ɗaya ne. An gajarta shi ne tun zamanin kwamfutoci masu aiki da tsohon tsarin DOS, waɗanda ba sa karɓar fiye da haruffa uku bayan ɗigo.

A sauyawa ta gaske, manhaja tana warware fayil ɗin ta mayar da shi ɗigo-ɗigon launi da ake kira fiksel, sannan ta sake matse su bisa ƙa'idar sabon nau'in. Matsewar nan dole ce. Hoton wayar da ke da kyamara mai megafiksel 12 yakan kasance fiksel 4032 a faɗi da 3024 a tsayi, kuma da za a ajiye launin kowane fiksel yadda yake, a bait uku, da hoto ɗaya ya ci wajen megabait 36. Bambancin da ke tsakanin nau'o'in duka yana komawa ne ga yadda kowanne yake rage wannan nauyi, da abin da yake zubarwa a wajen ragewar.

JPEG, wanda aka amince da ƙa'idarsa a 1992, yana yanka hoto zuwa ƙananan murabba'ai na fiksel 8 sau 8, ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da ido ba ya saurin lura da su, musamman na launi. Abin da ya zubar ba ya dawowa. Wannan ya dace ƙwarai da hoton fuska ko na fili, inda launuka ke narkewa cikin juna a hankali, amma a kan rubutu da layuka masu kaifi yakan bar wani dushi-dushi a gefen haruffa, wanda za ka gani idan ka zuƙo hoton sosai. Kuma duk lokacin da aka buɗe JPEG aka gyara aka sake ajiye shi, to an sake zubar da wani abu, har ingancin ya riƙa zubewa a hankali. PNG kuwa, wanda ya fito a 1996 bayan da kamfanin Unisys ya fara neman kuɗin haƙƙin mallaka a kan hanyar matsewar da wani nau'in hoto mai suna GIF ke amfani da ita, ba ya zubar da ko fiksel ɗaya, don haka shi ya dace da tambari da zane da hoton allon waya, sai dai idan aka ba shi hoton kyamara yakan yi nauyi sosai.

To, HEIC ɗin da wayarka ke fitarwa sabo ne a kan waɗannan. Kamfanin Apple ya fara amfani da shi a 2017 tare da iOS 11, kuma an ɗauko hanyar matsewarsa ce daga ta bidiyo mai suna HEVC, wadda ta fi ta JPEG dabara nesa ba kusa ba. Sau da yawa yakan ci kusan rabin wurin da JPEG mai inganci ɗaya da shi zai ci. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da nauyi ya ƙaru bayan ka sauya. Sauya nau'i daban, rage girma daban, kuma na biyun ne fom ɗin yake buƙata daga gare ka. Ka koma ga hoton asali, ka yanke gefunan da ba a buƙata, ka rage tsawon ɓangaren da ya fi tsawo zuwa kamar fiksel 800 ko 1000, sannan ka ajiye shi JPG sau ɗaya tak, da ma'aunin inganci tsakanin 75 da 85. Idan ka raba faɗi da tsayi biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na fiksel ɗin ne kawai ya rage, shi ya sa rage girma ya fi rage inganci tasiri, kuma ya fi shi barin hoto da kyan gani. Asalin kuma ka ajiye shi a gefe, kada ka goge.

Batun tambari mai sauƙi ne. PNG yana ajiye wa kowane fiksel bayani na huɗu bayan ja da kore da shuɗi, wato ma'aunin yadda ake hango abin da ke bayansa, JPEG kuwa ba shi da gurbin wannan bayani ko kaɗan. Dole manhajar ta cike wurin da wani launi, wasu su zuba fari, wasu su zuba baƙi. Idan babu dole, ka bar tambarin a PNG. Idan kuma lallai sai JPG, ka nemi shafin da ke ba da damar zaɓen launin bango kafin sauyawa, ka zaɓi fari. A ganina, don irin waɗannan ayyuka na yau da kullum, kowanne daga cikin sanannun shafukan zai biya maka buƙata.

Malamar Kwamfuta ta amsa:

Bayanin Malam Maizane a kan nau'o'in ya wadatar, amma jimlarsa ta ƙarshe ba zan bar ta ta wuce haka ba, domin mai tambaya ya ambaci katin shaida da takardar karatu, kuma a nan ba duk shafuka ne suke daidai ba.

Shafukan sauya hoto kashi biyu ne. Mafi yawansu suna karɓar fayil ɗinka ne su aika da shi zuwa kwamfutar kamfanin, wadda ake kira saba, a yi aikin a can, sannan a ba ka mahaɗin da za ka sauke sakamakon. Ma'ana, kwafin takardarka ya bar hannunka ya zauna a na'urar wani, watakila a wata ƙasa mai dokokinta daban. Da yawa daga cikinsu suna rubuta cewa suna goge fayiloli bayan 'yan sa'o'i, kuma mai yiwuwa masu mutuncin cikinsu suna cika alkawari, amma kai ba ka da hanyar tabbatarwa, magana ce kawai ka karɓa. Kashi na biyu su ne waɗanda ke yin aikin a cikin burauzarka, hoton bai fita daga wayarka ko kwamfutarka ba. Shafin Squoosh, wanda ma'aikatan Google suka fitar a 2018, yana cikin wannan kashi, kuma yana nuna maka hoton asali da sabon gefe da gefe, tare da nauyin da zai fito da shi, don haka kana iya jan ma'aunin inganci kana kallo har sai lambar ta sauka ƙasa da kilobait 200 ɗin da kake nema. Sai dai ba a kowace burauza yake iya buɗe HEIC ba. Gwajin da ke bambance kashi biyun ba shi da wahala: ka buɗe shafin, ka jira ya gama lodawa, ka kashe data ko wayifai, sannan ka saka wani hoto marar muhimmanci. Idan ya sauya shi ba tare da intanet ba, to a na'urarka ake aikin.

Wannan ba tsoro ne marar tushe ba. A watan Maris na 2025 ofishin hukumar FBI ta Amurka da ke birnin Denver ya yi gargaɗi cewa 'yan damfara suna buɗe shafukan sauya fayil na kyauta, waɗanda ke yin aikin da aka nema da gaske, amma su haɗa sakamakon da manhaja mai cutarwa, ko su tsinci bayanan sirri daga takardun da mutane suka ɗora. Alamun da ya kamata su tsayar da kai sanannu ne: shafin da ya ce sai ka girka wata manhaja ko wani ƙari a burauza kafin ya ba ka hotonka, da fayil ɗin da ya sauko da suna mai ƙarewa da EXE, wato manhaja, alhali hoto ka nema, da maɓallan saukewa na ƙarya da tallace-tallace ke kewaye na gaskiya da su. A Windows ma haruffan ƙarshen suna a ɓoye suke sai mutum ya kunna su da kansa a saitunan duba fayiloli, kuma ina ba kowa shawara ya kunna.

Akwai kuma abin da ke cikin hoton wanda ido ba ya gani. Kyamarar waya tana rubuta bayanai da ake kira EXIF a cikin fayil: samfurin wayar, rana da lokacin ɗauka, kuma idan an ba kyamara izinin sanin wuri, har da daidai inda aka tsaya aka ɗauki hoton. Wasu shafuka suna kwashe waɗannan bayanai su zuba a sabon fayil, wasu suna share su. Sharewar tana da amfani ga sirri, amma a cikin bayanan ne ake rubuta ta wace fuska aka riƙe wayar, don haka idan manhaja ta share ba tare da ta juya hoton da kanta ba, sai ka ga ya fito a kwance. Ka buɗe sakamakon ka duba kafin ka ɗora shi a fom.

Gaskiyar magana, don takardu irin naka ba ka ma buƙatar shafin kowa. A iPhone, idan ka shiga saitunan kyamara, sashen nau'in fayil, ka zaɓi wanda aka rubuta Most Compatible a kansa, daga nan wayar JPEG za ta riƙa ɗauka kai tsaye, sai ka sake ɗaukar hoton takardar. A kwamfutar Mac manhajar Preview tana fitar da hoto a wani nau'in tana kuma rage girmansa. A Windows, Paint yana yin duka biyun, sai dai HEIC yana buƙatar a girka ƙarin da Microsoft ke bayarwa a rumbun manhajojinsa. Manhajar gyaran hoto ta GIMP kuma kyauta ce a kan Windows da Mac da Linux. Ga takarda mai rubutu, kada ka rage girma kamar na hoton fuska. Ka bar faɗin ya kai inda ƙananan haruffa da lambobi za su karantu, ka zuƙo ka karanta su da idonka, domin takardar da ta cika sharaɗin nauyi amma ba a iya karanta lambarta ba ta da amfani ga wanda zai tantance ta.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode, Malam Maizane, na gode, Malama, Allah ya saka da alheri. Na bi abin da kuka faɗa, na canza saitin kyamarar, na rage girman a kwamfuta, fom ɗin kuma ya karɓa. Saura tambaya ɗaya da ta biyo bayan bayaninku. Tunda PNG ba ya zubar da komai, idan na mayar da tsoffin hotunana na JPG zuwa PNG, ingancinsu zai ƙaru? Sannan tambarin nan ana son a buga shi babba a kan allon talla, faɗinsa kuma fiksel 500 ne kawai. Na ga shafuka suna cewa suna mayar da PNG zuwa SVG, wanda aka ce ba ya dushewa komai girman da aka yi masa. Hakan zai magance matsalar?

Mai Ɗab'i ya amsa:

Ɗan'uwa, amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. PNG yana adana abin da aka ba shi ne kawai, ba ya dawo da abin da JPEG ya riga ya zubar. Zai ajiye maka dushin da ke gefen haruffa daram, a cikin fayil da ya ninka na da nauyi. Amfaninsa guda shi ne idan za ka yi ta gyara hoton kana ajiyewa sau da yawa, to ka riƙe shi a PNG ko TIFF, wani nau'in da shi ma yake iya adana hoto ba tare da zubar da komai ba, a lokacin aikin don kada lalacewar ta riƙa ƙaruwa, in ka gama ka fitar da JPG ɗaya.

Ta biyun ita ce muke fama da ita kullum a aikin ɗab'i. Abin da ake riƙewa a hannu, kamar kati ko mujalla, ana so ya samu fiksel 300 a kowane inci. Tambari mai faɗin fiksel 500 ke nan bai kai inci biyu ba idan ana son ya fito tsaf, wato santimita huɗu da 'yan kai. Allon talla ba ya buƙatar wannan ma'auni saboda daga nesa ake kallonsa, amma duk da haka idan aka miƙe fiksel 500 a kan mita guda, gefunan haruffa za su fito kamar matattakala. SVG, wanda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta amince da shi a 2001, ba fiksel yake ajiyewa ba; umarni yake ajiyewa a rubuce, cewa a ja layi daga nan zuwa can, a lanƙwasa shi haka, a cike cikinsa da launi kaza. Shi ya sa ake iya girmama shi yadda aka ga dama. To amma daga SVG zuwa PNG hanya ce mai sauƙi, komawa baya kuwa sake zane ne, manhaja ce take bin gefunan siffofi tana hasashen layukan da suka haifar da su. A kan tambari mai launi biyu ko uku da gefuna masu tsafta takan yi abin kirki, manhajar Inkscape ma tana yin wannan kyauta a kwamfuta, amma a kan ƙananan haruffa da inuwa mai narkewa sakamakon yakan fito a karkace.

Mafi muni, wasu shafukan ba sa ma bin gefunan. Hoton PNG ɗin suke ɗauka su cusa shi a cikin fayil na SVG yadda yake, suna ya canza, fiksel na nan. Ka buɗe sakamakon a burauza ka zuƙo shi iya zuƙowa. Idan gefuna suka ci gaba da kaifi, an yi aikin. Idan murabba'ai suka bayyana, ba a yi komai ba. Abin da nake ba masu kawo mana aiki shawara shi ne su koma wurin wanda ya zana tambarin tun farko su karɓi fayil ɗin asali, ko SVG ko PDF ko EPS, in kuwa ya ɓace, a sa mai zane ya sake zana shi, wanda ga tambari mai sauƙi ba dogon aiki ba ne.

Kada kuma ka yi ƙoƙarin sauya launuka da kanka a intanet don bugawa. Allo yana haɗa launi da haske uku, ja da kore da shuɗi, injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake aiki, tsarin da ake kira CMYK, kuma akwai launuka masu ƙyalli a allo da tawada ba ta iya kaiwa gare su. PNG ma ba ya ɗaukar CMYK sam, TIFF da PDF kuwa suna ɗauka. Mai bugawa ya san injinsa da takardarsa, ka ba shi mafi kyawun fayil da kake da shi ka bar masa sauyawar.

Maizane ya ƙara da cewa:

Maganar launi da Mai Ɗab'i ya kawo ta shafi hotunan wayarka ma, Malam. Wayoyin iPhone na yanzu suna ɗaukar hoto da faffaɗan ma'aunin launi mai suna Display P3, kuma suna liƙa wa fayil bayanin da ke gaya wa sauran na'urori yadda za su fassara launukan. Idan shafin sauyawa ya cire wannan bayani ba tare da ya mayar da launukan zuwa sRGB ba, wanda shi ne ma'aunin da intanet ya saba da shi, sai hoton ya fito a koɗe, ja ya zama kamar an wanke shi. In ka ga haka, matsalar daga shafin take, ka gwada wata manhajar.

Nan gaba kuma za ka yi ta cin karo da WebP, wanda Google ya fitar a 2010, da AVIF na 2019, idan ka sauke hoto daga shafukan intanet. Dukansu suna iya ɗaukar bango marar launi, har da hoto mai motsi, don haka kafin ka sauya su ka duba abin da ke ciki: mai bango marar launi ya tafi PNG, hoton kyamara ya tafi JPG da inganci mai ɗan yawa tunda an riga an matse shi sau ɗaya, mai motsi kuwa idan ka mayar da shi JPG hoto ɗaya tsayayye kawai za ka samu, in kuma ka mayar da shi GIF launukan kowane hoto a cikinsa ba za su wuce 256 ba. Idan hotunan suna da yawa, manhajar XnConvert tana sauya su duka a lokaci ɗaya a kwamfutarka ba tare da ka ɗora ko ɗaya a intanet ba. Kuma idan mai zanen zai turo maka tambarin ko wani hoto ta WhatsApp, ka ce masa ya turo shi a matsayin takarda, domin idan ya turo shi ta hanyar hoto ta yau da kullum manhajar za ta rage shi ta sake matse shi kafin ya iso gare ka.